Kaset ɗin da Musaddiq Ya Binne

Duk Sandamu an san Musaddiq mai buga katin biki, autan marigayi Malam Kabo. Mutum ne mai sanyi, ga tattali kamar tsohuwa: tsinke bai yarda ya ɓace a shagonsa ba. Gadon da ya fi ji da shi kuwa kaset-kaset ne na karatun da mahaifinsa ya yi wa manoma a zaure shekara da shekaru.

Da ya ga zaren kaset ɗin ya fara tsinkewa, sai ya zauna da haƙuri ya juye su duka a kwamfutar shago. Tsofaffin kuma, tunda sunan Allah ke cikinsu, bai yiwuwa a watsa su a bola. Ya naɗe su a farin ƙyalle ya binne a bayan rumbu, yadda ake yi wa yagaggun takardun karatu. Duk Juma'a yakan ɗauko kwamfutar zuwa gida ya kunna wa mahaifiyarsa Hadijatu, wadda ido ya riga ya tafi.

Ana nan sai kwamfutar ta fara ƙorafin lasisin manhajarta ya ƙare. Musaddiq ya ga sayen na gaskiya ɓarna ce, ya kai ta Daura wurin Munzali mai gyara, gwanin daɗin baki.

Munzali ya ce, "Wa ke sayen lasisi yanzu, abokina? Kirak zan sa maka, wato manhajar sata. Sai dai mu kashe mai gadin kwamfutar tukuna, tsegumi gare shi."

Aka kashe mai gadi, ɓarawo ya shigo a cikin kirak ɗin. Bayan 'yan kwanaki komai ya kulle, katunan mutane da muryar Malam gaba ɗaya. Har Kano ya kai ta, aka ce babu dabara. Wa zai kai wa ƙara, shi da ya sa manhajar sata da hannunsa? Ya tona bayan rumbu, ya tarar damina biyu da gara sun gama da kaset. A bakin ramin ya zauna ya yi kuka, kukan da ko ranar jana'iza bai yi ba.

Ran Juma'a ya durƙusa gaban tsohuwa ya faɗa mata gaskiya. Ya ce, "Inna, na haddace da yawa. Bari in karanta miki."

Ya ɗauko karatun, yana kwaikwayon yadda Malam ke ja. Ta saurara har ya yi nisa, sannan ta ɗaga hannu.

"Allah ya yi maka albarka, Auta, karatu ya yi. Amma ni ba shi nake jira ba. Akwai inda yakan tsaya ya yi tari, ya ce, 'Hadijatu, a miƙo mana ruwa.' Nan nake jira."