Turbon Kamiyon Ari

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata Talata a bazarar 1977 da ta ƙi ɓacewa. A lokacin ina makaniki a garejin wani kamfanin haƙar rijiyoyi a Gure, wanda aka kawo bayan farin da ya cinye dabbobi. Tsarin garejin mai sauƙi ne. A sama akwai Shef Bukar, tsohon soja Babarbare wanda ba a cika ganin haƙorinsa ba. A ƙarƙashinsa akwai makaniki mai sa hannu, ni ke nan, Isufu, sannan sauran ma'aikata. Duk motar da za ta shiga daji sai na duba ta, na sa hannu a takardar fita cewa lafiyarta lau. Shekarata ashirin da tara, ni kaɗai na yi koyo a Yamai, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

A cikin motocinmu akwai babban kamiyo na ɗaukar kaya mai cin gazuwal, wato dizal, shi kaɗai ke da turbo. Ga wanda bai sani ba, turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin inji yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana tura iska cikin injin don ya ƙara ƙarfi. Baƙin mai ne ke sanyaya sandar, kuma akwai wani ɗan zobe da ke tare man don kada ya bi iska. In zoben ya mutu, injin gazuwal yakan koma shan baƙin mansa, ya yi ta gudu ko an kashe shi, har sai an toshe masa iska ko ya fashe.

Direban kamiyon sunansa Ari. Mutum ne marar surutu, amma a kan motarsa ya cika ƙorafi, har muna yi masa ba'a cewa da ita aka ɗaura masa aure. Wata Laraba ya same ni ya ce kukan turbon ya sake, kuma yana ganin shuɗin hayaƙi da safe. Na kasa kunne na ɗan lokaci, na ce masa kunnensa ne ya tsufa, na sa hannu. Washegari ya ɗauki siminti ya nufi Bune. A gangaren wani kwari mai gorubai kamiyon ya kife, Ari ya rasu nan take.

Wani makiyayi da ke kusa ya ba da shaida. Ya ce motar ta zo tana ihu, hayaƙi ya rufe ta, kuma ya ga direban ya fito da hannu ta taga yana nuna makulli. Ba wanda ya ɗauki maganarsa, don kowa ya san mota ba ta tafiya babu makulli. Abin da aka ɗauka shi ne kwalbar barasa da aka tsinta a gaban motar. Kafin kwana uku gari ya gama yanke hukunci cewa Ari a buge yake, har wasu suna cewa da sun sani da ba su bi gawarsa ba. Ni kuwa na san kwalbar. Ruwan batir ne a ciki, da hannuna na zuba masa, don a irin kwalaben nan muke ajiye shi. Na kuma san ma'anar abin da makiyayin ya gani. Tsoron rasa aiki da tsoron gidan kaso suka kama ni, na ja bakina na yi shiru.

Injiniyan kamfanin wani Annasara ne da muke kira Dogo. Yana da wata ƙaramar mota ja mai kujera biyu, marar rufi, ƙirar shekarun sittin, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. A bayan kamiyo aka kawo ta daga Yamai, kuma a duk ƙasar Gure ba ta da wurin tafiya sai 'yar hanyar jar ƙasa da aka daddale, amma yana lallashinta fiye da yadda wasu ke lallashin iyalinsu. Ya karanta cewa a ƙasarsu an fara sa wa motocin tsere turbo, abin ya shiga ransa. Da aka jawo gawar kamiyon aka ajiye a bayan gareji, sai ya ce a cire masa turbon a sa wa jar motar.

Shef Bukar ya ƙi. A garejin Gure akwai al'adar da muka tarar: motar da mutum ya mutu a cikinta ba a zare mata ko ƙusa sai an yi sadakar arba'in. Ya kuma tuna wa Dogo cewa mai bincike zai zo daga Damagaram ƙarshen wata ya duba kamiyon. Dogo ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Ni kuma maganar mai binciken ce ta hana ni sukuni, don na san inda zai fara buɗewa.

A kwana na ashirin da biyu da rasuwar Ari Shef ya tafi Damagaram sayen kayan gyara. Da hantsi na samu Dogo na ce al'adar nan ta tsofaffi ce, in yana so zan yi masa aikin. Ya yi murna, yana zaton ni wayayye ne. Na kwance turbon na buɗe, na tarar da zoben ya rabe biyu, hanyar iska kuma duk baƙin mai. Abin da ya fi cin raina shi ne akwai sabon zobe a ɗakin ajiya tun bara, kuma sa shi aikin awa biyu ne. Na wanke komai da isansi, wato fetur, na sa sabon, na jefa karyayyen a aljihun wandona.

Aikin ya ci mana kwana huɗu. Turbon ya yi wa ƙaramin injin girma, sai da muka ƙera sabon bututun hayaƙi, muka mayar da karbirato gaba, muka ja wa sandar hanyar mai, muka kuma yanka murfin injin don ya rufu. Zan faɗa muku gaskiya, aikin ya yi kyau, har yau ban yi wanda ya fi shi tsafta ba. Mun tayar da ita a gareji sau da yawa, babu hayaƙi, babu ɗigon mai.

Ranar Talata Dogo ya ce mu fita gwaji, rana tana tsaka. Mutanen wajenmu ba sa son ratsa kwari a wannan lokacin, amma bayan abin da na faɗa masa game da tsofaffi ba ni da bakin magana. Ya ɗauki hanyar Bune, don ita ce mai tauri. Motar ta tafi kamar ana jan ta da igiya daga gaba, Dogo yana dariya yana dukan sitiyari. Babu kowa a hanya, ko akuya, kuma iska ta tsaya cik.

Da muka hau tudun da ke gaban kwarin nan mai gorubai, sai kukan turbon ya sake. Na san kukan, don shi ne wanda aka ce in saurara ranar Laraba. Ya yi siriri, ya hau, ya ci gaba da hawa. Dogo ya ɗaga ƙafarsa daga mai, motar ta ƙara gudu. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe a bayanmu. Ya murɗa makulli ya kashe, injin bai ko yi tari ba. Ya zare makullin gaba ɗaya ya ɗaga shi sama yana nuna mini, bakinsa a buɗe, mu kuma muna gangarawa.

Allah ya taimake mu motar ba ta da nauyi. Ya raba injin da tayoyi, ya danne birki, muka yi ta jan ƙasa har muka tsaya a gindin gangaren. Injin yana ta ihu. Na dira, na ɗaga murfin, na tuɓe rigata na cusa a bakin karbirato na danne da hannu biyu. Ya shaƙe, ya girgiza, ya mutu.

Amma turbon bai tsaya ba. Kun san in an kashe inji yakan ɗan juya ya yi shiru. Wannan ya ci gaba da fito a hankali, babu hayaƙin da ke tura shi. Na karanta Ayatul Kursiyyu sau uku, bai daina ba. Na duba ƙasa, sai na ga ina tsaye a kan tokar siminti da fasassun gilasai, ga kuma shatin inda kamiyon ya kwanta. Dogo bai taɓa zuwa wurin ba. Ya tambaye ni da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, ko nan ina ne. Na ce masa nan ne Ari ya mutu. Ina rufe baki fiton ya ɗauke.

Da ƙafa muka koma gari. Da la'asar aka jawo motar, kuma a lokacin Shef Bukar ya dawo. Bai yi faɗa ba. Ya sa na kwance turbon a gabansa na buɗe. Sabon zoben yana nan lafiya lau, hanyar iska a bushe, ko ɗigon mai babu. Ban da haka ma, injin isansi ba ya irin wannan gudun in an zare makulli, kowane ɗan koyo ya sani. Shef ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa, sannan ya dube ni.

"Isufu, wannan ba shi da laifi. Ina wanda ka cire?"

Na sa hannu a aljihu na fito da guntaye biyun na ajiye a kan teburin aiki. Na faɗa masa komai, da maganar Laraba, da sa hannun, da kwalbar.

"Kwana ashirin da shida," in ji shi. "Uwarsa ta daina fita ko maƙwabta, kai kuma kana yawo da wannan a wando."

Washegari ya raka ni wurin zandarma, jami'an tsaro, na sake ba da bayani, aka nemo makiyayin aka rubuta shaidarsa yadda ya faɗa tun farko. Da mai bincike ya zo aka gyara rahoto, aka cire maganar barasa. Ba a kai ni kaso ba, amma an karɓe mini sa hannu, na koma wankin inji da kwance taya shekara uku a ƙarƙashin mutanen da nake yi wa gani-gani. Dogo bai sake neman turbo ba. Shef ya mayar da shi jikin kamiyon, ya ɗaure kowace ƙusa, aka bar shi har arba'in ta cika.

Abin da ya fi zandarma wuya shi ne zuwa gidan mahaifiyar Ari, wata tsohuwa da ake kira Ya Fanna. Na same ta a tsakar gida tana saƙar tabarma. Na durƙusa, na nuna mata takardar da aka gyara, na ce ɗanta bai sha komai ba, ni ne na sake shi da mota marar lafiya. Ban ɓoye mata cewa na sani tun ranar farko ba. Ba ta ɗago ba, hannunta bai bar kaba ba.

"Ni na haife shi, na san ba ya sha," ta ce. "Takardar nan ka kai wa waɗanda suka yi nadamar bin gawarsa."

Na ce, "Iya, ki yafe mini."

"Mutuwarsa na yafe, kwanansa ne ya ƙare. Shirun da ka yi, wannan tsakaninka da shi ne, ba ni da ikon yafe shi."

Na yi shekara talatin ina aiki bayan wannan, na gyara turbo ban san iyaka ba, kuma har yau ba ni da bayanin abin da ya faru a kwarin nan. Na daina nema ma. Abin da na koya ya fi wannan sauƙi. Direba ya fi makaniki sanin muryar motarsa, don shi ke zaune a kanta, kuma shi zai mutu a cikinta. In ya ce muku kuka ya sake, ku ajiye abin da kuke yi ku buɗe, ko da a gabansa za a gane ba ku san komai ba. In kuwa kun riga kun yi kuskure, ku faɗa tun mai shi yana iya jin ku. Ni da na tashi neman gafara, wanda zai ba ni ita yana cikin ƙasa.