Ruwan Shuka a Garin Autanmu

Shekarar da autanmu ya tafi karatu wani gari a bakin Bahar Rum, ita ce shekarar da Inna ta fara kallon fim. Kafin nan ko talabijin ta tarar a kunne sai ta kau da kai, ta ce sana'ar marasa aikin yi ce. Shi ya ja mana. Ya faɗa mata a waya cewa ana yawan zuwa garin da yake a ɗauki fim saboda kyan wurin da hasken ranarsa, har 'yan Indiya ma suna zuwa. Tana ajiye wayar ta ce in nemo mata.

Na ce ai yana kiranmu muna ganin fuskarsa, me za ta yi da fim? Ta ce yaron da kunama ta taɓa harba ya ce lafiya lau, ba shi za ta tambaya halin da yake ciki ba. Fim kuwa bai san tana kallo ba, ba zai ɓoye mata komai ba.

Lokacin ina koyarwa a Kabo, duk Juma'a nake zuwa gida Gammo. Na shiga Gwarzo takanas wurin wani mai tura finafinai a waya, ya zuba mini waɗanda aka ɗauka a garin da autan yake, masu fassarar Hausa. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jingina wayar da ƙwarya.

Kallo da Inna sai mai haƙuri, ni kuwa ba a yaba mini da shi ba. Ba ruwanta da labarin. Jarumar na rera waƙa, ita tana leƙen bayanta, tana cewa yarinyar nan ta tare mata wuri. Ta ga fararen gidaje a jikin tsauni ta yaba tsaftarsu. Ta ga tekun ta tambaya ina masu noman rani. Da a nan ne, in ji ta, da an cika bakin ruwan da tumatir da albasa. Da na ce gishiri gare shi ba ya shayuwa, sai ta riƙe haɓa.

Abin da ya fi tayar mata da hankali sama ce. Muna tsakiyar damina, geron bayan gidanmu ya fi tsayin mutum, amma a fim ɗin ko ɗigon hadari babu. Tsaunukan sun bushe ƙayau, babu dawa, babu gero, sai 'yan bishiyoyi jefi-jefi. Ga mutane birjik kwance a rana kamar shanyar barkono, tufafin kirki ma babu a jikinsu. Inna ta gama hukunci: fari ake yi a garin, kuma ɗanta yana cikinsa.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce don rashin ruwan ake zaɓen wurin, kuma waɗannan na kwance masu hali ne, hutu suka zo. Ta kalle ni kallon tausayi, ta ce boko bai hana ni wauta ba, wa ya taɓa barin inuwa da ƙoshinsa? Shi ma autan ya rantse mata yana ci yana ƙoshi. Ta ce ta ji, amma ba ta yarda ba.

Daga nan garin ya shiga addu'arta. Ta daka gumba ta raba sadaka, ta roƙa musu ruwa kamar yadda ake yi a nan in damina ta yi tsaiko. Na yi ta dariya, har sai da gero ya nuna aka kawo tumun farko. Inna da ba ta haɗa tumu da komai, ta ture shi gefe. Ta ce autanta ne mai gasa mata duk shekara, ba za ta ci sabon gero ba shi yana inda sama ta kulle. A nan dariyata ta tsaya, don na ga har tuwo ta rage ci.

Na koma Gwarzo na ce wa mai turin ina son fim ɗin bakin tekun nan, amma wanda aka yi ruwan sama a ciki. Ya ce tun da ya buɗe shago ana tambayarsa na faɗa, ana tambayarsa na soyayya, bai taɓa jin mai neman ruwa ba. Ya dai yi mini ƙoƙari, mako na zagayowa ya samo.

Sai can ƙarshen fim ɗin ruwan ya sauko, daidai inda saurayi da budurwa ke rabuwa suna kuka. Ni na lura har da rana a bayansu, ga alama da mesar ban ruwa aka yi shi, na ja bakina na tsuke. Inna ko kallon masu kukan ba ta yi ba. Ta sa na mayar baya, ta kawo fuskarta dab da wayar tana duban ƙasa, yadda ruwan ke gangarowa ta lungu yana taruwa a gindin bango. Daɗi ya kama ni ganin yadda fuskarta ta sake.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Wannan ya isa shuka."

Ta gyara zama ta miƙe ƙafa, ta nuna mini murhu da haɓa.

"Akwai sauran garwashi. Tashi ki gasa mini tumun nan, ki kira shi in yi masa barka."