Shekarar Da Na Kulle Sanyi Da Kwaɗo

Noman albasa wahala ne, kada wani ya ruɗe ka. Ka wuni duƙe a fadama, bayanka ya ƙage, tafin hannunka ya tsattsage, rana ta dake ka har ta gaji, sannan a kasuwa wani mai farar riga da bai taɓa riƙe fartanya ba ya taya maka abin da ya ga dama. Na fi shekara ashirin cikin wannan hali. Amma wahalar da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina ita ce wadda na saya da kuɗina, na ɗauko ta a mota, ina washe baki.

Wata shekara ce albasa ta yi tsada. Na kai tawa kasuwar Aliero, kafin azahar an kwashe ta tas. Na koma garinmu, Kashin Zama, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Abu ɗaya kawai ya rage mini. Akwai albasar iri da nake warewa kowace shekara, manya-manya, ja wur, wadda ake ajiyewa har bayan damina a dasa ta ta yi fure a samu iri. Irin babana ne, shi ya yi ta zaɓensa tun ina ƙarami, kuma ban san wani mai irinsa ba a duk yankinmu. A rudu muke ajiye ta, wato gadon itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa a lulluɓe da zana, iska na ratsawa ta ko'ina. To nawa rudun gara ta cinye shi. Shi ya sa na shirya zuwa Jega in sayo zana da igiya. Zana da igiya, iyakar abin da ya fitar da ni ke nan.

Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Na raɓe a bakin wani shagon kayan hannu don in sha inuwa. Mai shagon, wani siriri mai zaƙin baki, ya buɗe wani dogon farin firji ya miƙo mini ruwa a kofi. Na kurɓa. Wallahi sai da na ji sanyin har cikin kunnena.

"Alhaji, mi kake nema cikin ranag ga?" in ji shi.

Ni da ko Sakkwato sau biyu na taɓa zuwa, balle Makka. Amma kalmar ta shige ni fiye da ruwan.

Na ce, "Zana, zan gyara rudu."

Ya riƙe baki. "Zana! Kai da Allah ya buɗa ma, har yau kana ga ciyawa? Manyan mutane nan ciki suke aje komi. Ka sa albasa, ka rufe, bayan shekara ka iske ta kamar yau anka tono ta."

Na ce gidana ba a ja wayar wuta ba. Ya jawo wani ɗan janareta da ƙafa, ya ce wannan mai kaɗan yake sha, kamar jinjiri. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga ni a bayan a-kori-kura na rungume firji, janareta a gefena, iska na kaɗa mini riga, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Zana ko tunawa da ita ban yi ba.

Da muka shiga gari kamar an kawo amarya. Mutum shida suka kama aka sauke shi. Matata ta fito daga madafa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ina zanar?"

"Wanga ya fi zana."

"Mi shika ci?"

"Mai."

"To, mun yi baƙo mai ci," ta ce, ta koma wajen tukunyarta.

Kwana uku gidana ya zama kasuwa. Aka tada janareta, yana ta kuka, ni kuwa kukan nan ya fi mini kiɗa daɗi. Wannan ta aiko da fura a sanyaya mata, waccan ta aiko da zoɓo. Tsofaffi suna zuwa su zura hannu ciki su fizge suna salati. Taubashina da ke Maiyama, wanda ba ya ganina bai zolaye ni ba, ya hau babur takanas ya zo gani. Ya cire hularsa ya saka a ciki, ya jira, ya ɗauko ya kafa a kai yana lumshe ido.

"Kai, Alhajin ƙarya," ya ce, "yau ka yi abin kai. In na mutu a nan za ku aje ni."

Na yi dariya har na ƙware. A kwanakin nan ko gaisuwata ta canza, sai in ɗaga hannu ɗaya kawai.

Rana ta huɗu na kori masu fura, na ce wasa ya ƙare, za a yi aikin da aka sayo shi dominsa. Na zare duk ƙarafan da ke ciki, na danna albasar iri tun daga ƙasa har sama, na tura ƙofar da kafaɗa. Na lura tulin ya ɗan ragu a kan yadda na bar shi, na tambayi matata, ta ce rana ce ta tsotse su. Ban bi ta kai ba.

Sai jinjirin nan ya nuna halinsa. Galan na safe ba ya kai la'asar. Cikin mako guda na gane idan na ci gaba da shayar da shi, mu ne za mu bar cin tuwo. Na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce, ai sanyi ya riga ya shiga. Ruwan randa ma idan ka rufe shi da faifai yana nan da sanyinsa. Abin da ya rage kawai a hana shi fita. Na kashe janareta, na naɗe firjin da sarƙa, na datse da kwaɗo, na cusa tsummoki a duk wata kafa, na ɗora masa bargo. Mabuɗin na sa a aljihun gaba. Na kafa doka: wanda ya taɓa ƙofar nan ya saki sanyina, ni da shi ne.

Akwai wani malamin firamare, Kirista, mutumin wajen Zuru, da ke haya kusa da mu, Tica muke ce masa. Ya leƙo ya ga firji cikin bargo da sarƙa kamar mahaukacin da aka ɗaure.

"Maigida, don Allah buɗe abin nan," ya ce. "Idan babu wuta, akwati ne kawai. Dafa ta zai yi."

Na ce, "Tica, kai ka san boko, ni na san albasa."

Har yau idan na tuna maganar nan sai in ji kamar in mari kaina. Ni da na san albasa ba ta zama inda babu iska, ni ne na toshe mata hanci da tsumma.

A mako na uku wari ya fara. Na ce ɓera ne ya mutu, muka birkice ɗaki ba mu ga komai ba. Na ce to akuyar maƙwabci ce. Ƙudaje kuwa sun san gaskiya, duk a kan bargon suke sauka. Ran nan taubashina ya biyo daga kasuwa, yana sallama ya toshe hanci.

"Subhanallahi! Wa ya rasu ba ku rufe ba?"

Ya nuna ƙasan firjin. Wani baƙin ruwa ne ke tsiyaya yana bin ƙasa. Na ciro mabuɗi. Ina zare sarƙar, ƙofar ta buɗe da kanta, abin ya zubo mini a ƙafa, yauƙi-yauƙi, da zafinsa kamar an sauke daga murhu. Taubashina ya yi waje da gudu ya bar takalmi ɗaya, yana ihu, "Sanyi ya tsere! Ku tare shi!" Maƙwabta suna ta dariya ta bayan katanga.

Ni ban yi dariya ba. Na durƙusa ina tona ruɓaɓɓen nan da hannu ko zan sami ƙwaya ɗaya mai rai. Babu. Abin da babana ya yi shekaru yana tattali, na dafa shi cikin mako uku. Na zauna a ƙasa.

Sai na ji ana jan wani abu. Matata ce ta jawo kwando daga ƙarƙashin gadonta, cike da albasa, busasshiya, ja wur. Manyan cikin irin ne, ta tsince su tun kafin in loda.

"Na miya ne," ta ce, ko murmushi babu. "Na ce in baƙonka ya cinye nashi, mu kada mu rasa miya. Ban taɓa ganin albasar da anka rufe ma baki ta rayu ba."

Na dubi kwandon, na dube ta. Sai dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da hawaye, har na kwanta a gefen ƙazantar nan. Na ce, "Ashe ranar da ta tsotse su ke nan." Ta ce, "Ita ce."

Abin da na koya ba shi da yawa. Abin da mutum ke buƙata yakan zo ba ado, ba mai yi maka guɗa don ka saye shi. Zana nake buƙata. Abin da raina ya so shi ne a ce mini Alhaji, kuma wannan ba ya ajiye albasa. Yanzu idan mai kaya ya fara ba ni sarautar da ban da ita, sai in dafe aljihuna in tambayi kaina me ya fito da ni daga gida.

Washegari da sassafe na kwance ƙofar firjin, na wanke shi da toka, na kwantar da shi a bayan gida na cika wa tumaki ruwa. Sannan na hau mota zuwa Jega, na zagaya ta wani layi don kada in bi ta gaban shagon nan, na sayo zana da igiya.