Kilishin da Malam Isufu Ya Bar Min

Ku yi haƙuri da ni, ba na son damun mutane da dogon rubutu. Labari ne ya same ni da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita kasuwa: Malam Isufu ɗan Maradi ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiya bayan la'asar, a asibiti. Hawan jini.

Mutanenmu na Guangzhou, nan China, kun san shi. Shi ne mai duba kaya a masana'anta kafin a loda kwantena. In ɗan kasuwa ya sayi injuna, Malam Isufu zai je ya kunna su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce sun yi sannan a rufe kwali. Ni kuwa 'yarsa Nana nake biya wa karatun Alƙur'ani Asabar da Lahadi, a falona nan unguwar Sanyuanli.

Farkon zuwana garin nan, shi ya koya min shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari. Sau biyu yana gyara min tukunyar shinkafa ta lantarki, da na yi maganar lada sai ya ce in bari, kar in ɓata masa suna.

Duk sanda wani ya zo daga Maradi kuwa, sai Malam Isufu ya aiko Nana da ƙunshin kilishi. Wai kuɗin Larabarsa ke nan.

Wata Asabar bara, Nana ta buɗe izunta, na ga ta sa alama da wata 'yar takarda mai layi-layi baƙaƙe da hoton karta a gefe. Ta ce aljihun Babanta cike yake da irinsu. Na zare ta daga cikin littafin, na ba Nana zare ta sa alama da shi.

Da ya zo ɗaukarta na tambaye shi a hankali. Bai ɓoye min ba. Ya ce babban kwastomansa yanzu injuna yake saye na ƙananan gidajen caca. Wanda ya ci sai a ba shi tikiti, ya zura a injin, injin ya fito masa da kuɗi. Shi aikinsa ya zura tikitin gwaji ya ga ko injin na karantawa.

"Malama, wannan injin fa ba ya caca," in ji shi. "Biya kawai yake, kamar ATM."

Na ce masa ni ba mai fatawa ba ce, ya tambayi malamai. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma na faɗa masa hakan.

Daga nan na kasa cin kilishin. In Nana ta kawo, sai in ce ta gaida Baba, na gode, a bar wa gida. Sau uku ina mayarwa. Na huɗu bai zo ba.

Bai taɓa canza min fuska ba. Wannan ya fi damuna.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, sati uku ke nan, a bakin tashar metro ana yayyafi. Ya rame. Ya ciro ƙunshi daga jaka ya miƙo min da hannu biyu.

"Wannan na kuɗin duba keken ɗinki ne, Malama. Ki ci."

Na karɓa don kunya, na yi godiya. Amma ga gaskiyata: ban ci ba. Na sa a firij. Na ce a raina ƙila haɗa aikin biyu yake yi, bari in tambayi matarsa tukuna. Yau zan tambaya, gobe zan tambaya, har aka wayi gari yau.

Da na ji rasuwar, abu ɗaya ya tsaya min a ƙirji: a kan wane aiki bawan Allahn nan ya koma ga Ubangijinsa?

Na kira Hadiza, matarsa, na yi mata gaisuwa. Ban iya tambaya ba, ita ta fara. Ta ce tun kafin baje kolin Pazhou na bazara ya bar musu injunansu gaba ɗaya. Ya je wurin malamai biyu, ya dawo ya kwashe tikitocin nan daga aljihuna da durowa ya zuba a shara. Laoban ɗin, wato mai masana'antar, ya yi ta kira yana ƙara masa tayi, shi kuwa amsarsa ɗaya, meiyou, babu. Ya koma duba kekunan ɗinki da fankoki. Ya daina hawa tasi. Sun rage ɗaki ɗaya.

Ta ce bai taɓa fushi da ni ba. Kullum in Nana ta dawo daga karatu sai ya tambaye ta ko Malama ta ce wani abu kan kilishin. In ta ce a'a, sai ya yi dariya ya ce ai Malama sai ta ga takardar shaida da hatimi.

Na yi kuka, amma numfashina ya sauka. Alhamdulillahi. Ya tafi hannunsa a wanke.

Hadiza ce ta ce in rubuta wannan, don har yanzu akwai masu kiransa mai injin caca. Don Allah ku daina. Ya bari tun yana da ƙarfinsa, ba wanda ya tilasta shi, kuma ya sha wuyar barin bai yi ƙorafi ba.

Da na ajiye waya na buɗe firij. Na yi bismillah na ci. Yaji ya yi yawa, kamar kullum.

Allah Ya jiƙan Malam Isufu, Ya karɓi tubansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya musanya masa abin da ya bari da mafi alheri. Allah Ya ba Hadiza da Nana haƙuri. Ni kuma Ya yafe min zaton da na yi.

Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a ko da sau ɗaya ne.

Gobe bayan azahar zan je gidan gaisuwa. 'Yan'uwa mata da ke kusa da Sanyuanli, wadda za ta iya raka ni ta amsa min yau, don in san inda za mu haɗu.