Muntaka Dallatu da Ƙofar Bayan Sito

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba na shekarar 2024, bayan la'asar, 'yan bindiga suka kashe abokina Muntaka Dallatu, mai zanen gine-gine, a wani ƙauye da ke bayan Makoda. Ni Iliyasu mai walda na Minjibir, da hannuna na taimaka aka ɗauko gawarsa, har yau kuma warin hayaƙin nan bai bar hancina ba.

Muntaka, kai ke zana ƙofa a kwamfuta, ni ke ƙera ta da ƙarfe, a haka muka saba, a haka kuma muka yi ta faɗa. Manhajar da kake aiki da ita tana fitar da ƙofa da ɗan siririn layi da wani lanƙwasasshen zane a gefensa. Maginanmu su duba, su gyaɗa kai, su je su kafa ƙyaure yadda kakanninsu suka yi: ya buɗe zuwa ciki, a waje kuma a sa kunnen kwado. Abin ya ishe ka. Ka zauna ka sake wa ƙofofin manhajar kama gaba ɗaya. Ka kaurara ƙyauren, ka sa jar kibiya mai nuna inda zai buɗe, ka zana sakata a ɓangaren da za ta zauna, yadda ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Ka yi ƙofar zaure daban, ta turaka daban, ta shago daban. Ina tsokanarka da cewa ƙofofinka sun fi gidajen kyau, kana ce mini ni dai in iya walda a miƙe tukuna.

Alherinka ba a kan takarda kaɗai yake ba. Ka zana wa masallatai da Islamiyyu da yawa kyauta. Da ruwa ya rushe ɗakin wata gwauruwa a unguwarmu, kai ka tsaya a kan magina har aka tayar da shi, ka kuma hana a gaya mata wanda ya sayi kwanon rufi.

Sai shekarun nan na tsoro suka zo. Kowa na son ƙofar ƙarfe mai kauri, kowa na toshe ƙofar baya da bulo, wai ta nan ɓarayi ke shigowa. Kai kuwa ka kafe: duk ɗakin da jama'a za su taru a ciki, sai ka sa masa ƙaramar ƙofa ta biyu, mai buɗewa waje, sakatarta daga ciki, babu kunnen kwado a bayanta. Wanda bai yarda ba ya nemi wani mai zanen. Ka yi asarar aiki a kan haka, ko a jikinka.

Alhaji Nababa, dillalin gyaɗa, shi ya fi kowa ja da kai lokacin da za a gina masa sito. Ya ce, "Malam Muntaka, ni sito na ce ka zana mini, ba hanyar ɓarayi ba." Ka ce, "Alhaji, mata ne za su riƙa wuni a ciki suna ɓarar gyaɗa. Buhu ba ya gudu, amma mutum yana bukatar inda zai bi." Ya yarda da ƙyar, aka kafa ƙofar. Da kaka ta yi, sai ya sa aka jibge buhuna a jikinta har sama, don a wurinsa bango ne da aka ɓata.

Ranar da abin ya faru ka je ƙauyen, inda siton yake, auna masa filin ƙarin ɗaki. Inna Kaltume, tsohuwar da ke shugabantar masu ɓarar gyaɗa, ita ta ba ni labarin sauran. Babura suka shigo ta hanyar gonaki, mutum bibbiyu a kai, suna harbi. Suka bindige mai shayi a bakin titi, suka sare wani dattijo da ya fito da fartanya. Alhaji suke nema, shi kuwa yana kasuwa. Da ba su same shi ba, suka kora duk wanda ke wurin cikin siton da gindin bindiga, har da kai, suka ja babbar ƙofa, suka datse ta da kwadon Alhajin kansa. Suka kwarara fetur ta ƙarƙashinta, suka ƙyasta ashana. Tsinannu! Da goyo a bayan mata suka yi wannan.

Ɓawon gyaɗa ba ya jiran wuta. Inna Kaltume ta ce kafin a yi salati biyu hayaƙi ya rufe ido, mutane suka danne babbar ƙofa suna duka, suna tattake juna. Muryarka kaɗai ta ji daga can baya kana cewa, "Ku biyo ni! Akwai ƙofa a nan!" Ka hau kan buhunan kana jefo su ƙasa, rigarka tana ci da wuta, har hannunka ya kai ga sakata. Jama'a suka danno a bayanka. Da a ce ƙofar zuwa ciki take buɗewa, da nauyinsu ya rufe ta har abada, amma sai ta wangale zuwa gonar dawa. Ka tsaya a bakinta kana tura mata, kana miƙa yara ta saman kawuna. Ɗaya daga cikin azzaluman ya ji ihu ya zagayo. Dawa ta riga ta haɗiye waɗanda suka fita, kai kaɗai ya gani a tsaye, ya harbe ka a ƙirji da wuya. A bakin ƙofar muka same ka, rabin jikinka a waje, ƙafafunka sun ƙone.

Ina jin haushin Alhaji Nababa, ba zan ɓoye ba, amma na gan shi a maƙabarta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ranar sadakar uku maiɗakinka Maryamu ta sa aka kira ni bakin zaure. Daga bayan labule ta ce, "Malam Iliyasu, gaskiya nake so. Da ya ga dama, da ya fita?" Na ce mata shi ya buɗe, shi ne na farko a bakin ƙofa. Sai ta ce, "Dama na sani. So nake in ji daga bakin wani, don in gaya wa 'ya'yansa."

Ya Allah, ka karɓi shahadar Muntaka, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, shi da waɗanda aka kashe tare da shi. Waɗanda suka yi wannan ta'asa kuwa, Allah ka isar mana, ka hana su barci, ka tona asirinsu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maryamu da 'ya'yanta Basiru da Fadima, da mahaifiyarsa Inna Larai, da dukkan zuriyar Dallatu. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun nan bisa halin ubansu. Amin.