Malamin da Ya Haramta "Sai"

Har yau Malam Sai-Gobe ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa.

Wata Litinin ya shigo aji da littattafan insha'i arba'in a hammata, fuska a murtuke. Ya buɗe na sama ya karanta: "Sai na tashi, sai na yi wanka, sai na fita, sai na ga akuya, sai ta gan ni."

"Sai kuma me? Sai kuka gaisa?" Ya buga tebur. "Daga yau na haramta kalmar nan! Duk bakin da ya furta ta, shi zai share aji."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya tattara allinsa ya ce, "To, sai gobe."

Shi ya yi sharar ranar.

A wurinsa abin ba na dariya ba ne. Shugabar makaranta ta riga ta gargaɗe shi: in ɗalibansa suka sake faɗuwa a rubutun labari bana, za ta karɓe ajin, ta tura shi sito gadin karyayyun kujeru. Bayan shekara goma sha tara yana shaƙar ƙurar alli!

Dokar ba ta haifi ɗa mai ido ba. Mako na zagayowa ya karanta: "Daga nan na tashi, daga nan na yi wanka." Akuyar ma tana nan daram.

Ya kai kuka gida. Matarsa tana guga ta ce, "Kai ma dai, Malam. Mai riga ɗaya ka hana shi sa ta, me zai sa? Wai me suke karantawa ne?"

Tambayar ta farkar da shi. Littattafan labarai na cikin kabad a ofis, a kulle tun zuwansu, wai kada yara su yaga. Kwana uku yana sintiri kafin a ba shi makulli.

Kowace safiya aka koma karatu na minti ashirin, kowa ya farauto sababbin kalmomi uku. Da farko hawan jini suka ƙara masa: wata ta rubuta cewa akuyar ta "yi murabus". Amma a hankali akuyar ta soma tsallake katanga, tana harara, har ta yi nadama.

Sakamako ya fito, kujerun sito ba su samu mai gadi ba.

Duk da haka malamin lissafi bai bar shi ya sha ruwa ba. "Ranka ya daɗe, yaushe za a ɗage dokar?"

Ya ja tsaki. "Sai ranar da ka karanta littafin da ba lamba a cikinsa."