Bangon da Baba Ya Yi wa Baƙi

Babana ne mai haska fim a silimar garinmu, wani ɗan gari ba nisa da Dutse. Gidanmu yana manne da katangarta, ita kuwa ba rufi, don haka daga tsakar gida ina hango kan dogon bangon da ake haska hoto a jikinsa. Bangon nan Baba ya fi kula da shi a kan ɗakin Inna, ita ma ta sha faɗa masa haka. Duk ƙarshen damina sai ya jiƙa farar ƙasa a rabin duro, ya zuba gishiri da 'yar bula, ya hau tsani ya shafe shi tas. Da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikatan da suka rasa haya a can suka cika garinmu, silima ta yi kasuwa. Har shayi ake saya wa Baba don ya faɗi fim ɗin da zai zo mako mai zuwa.

Bidiyo ne ya fara cin silimar, a faɗi gaskiya. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a benci ya fi mutane yawa. Da shari'a ta zo aka sa kwaɗo, mai wurin ya koma Kano, Baba ya koma gyaran rediyo a zaure. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya, dama can mutumin sahun farko ne a masallaci. Abin da ya ci masa rai shi ne mutane. Waɗanda jiya suke roƙonsa ya shigar da su ta ƙofar baya, yau in ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Aka daina kiransa ɗaurin aure. Ya rame, ya rage magana. Ni lokacin na yi aure a unguwar, kullum na leƙo gida sai na fita da ɓacin rai. Munafunci ne, ba shi da wani suna.

Wurin ya zama makwancin awaki, tumfafiya ta fito tsakanin benci. Can sai mai wurin ya ba da shi wakafi, unguwa ta ce a gyara a yi makarantar Islamiyya ta matan aure. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar aikin gayya, aka bi gida-gida ana sanarwa. Gidan da ke jikin katangar, shi aka tsallake.

Baba bai jira gayyata ba. Ranar Asabar da hantsi ya saɓa tsaninsa ya shiga. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne mai shagon taki, wanda a da kujerarsa daban take a silimar. Ya dubi Baba ya ce, "Malam, ai hannu ya ishe mu."

Baba ya ce, "Na sani, Alhaji. Na ga inda kuka zana allo a jikin bangon nan. In a nan aka yi shi, na layin baya ƙeyar mutane kawai za su gani. Kuma da la'asar rana tana dukan wannan gefen."

Magini ya ce gaskiya dattijon nan ya faɗa. Aka bar Baba ya yi, ba don ana so ba.

Kwana uku yana aikin. Ya zaunar da mijina a benci na ƙarshe don ya riƙa ce masa sama ko ƙasa, har ya sami daidai. Ya sa aka yi ɗan dakali inda malama za ta taka. Ya daka gawayi ya kwaɓa da ƙaro, ya shafa, ya bari ya bushe, ya sake shafawa. Bangon da ko tabon kashin tsuntsu ba ya bari ya kwana a jikinsa, da hannunsa ya yi masa baƙi. Sauran mutane suka rufa kwano, suka ɗaure benci, ɗakin inji ya zama ofis.

Ranar buɗewa na je a matsayin ɗaliba. Ranar na fara taka cikin wurin a rayuwata, don a da mace mai mutunci ba ta shiga silima, mu kuwa Baba da kansa ya kafa mana dokar. Na makara saboda goyo, sai na zauna can baya. Alhaji ya miƙe yana godiya. Ya ambaci magina, ya ambaci wanda ya ba da kwano, masu ɗebo ruwa, har wanda ya ba da aron baro. Na kasa kunne har aka shafa fatiha. Baba bai fito a bakinsa ba.

Ko dabinon da aka raba ban karɓa ba. Na faɗa gidanmu ina huci, na tarar da Baba a zaure da rediyo a buɗe a cinyarsa. Na ce, "Baba, wallahi ba ni ba makarantar nan. Mai baro ma an gode masa, kai da ka kwana uku a kan tsani ko oho."

Ya bari na zazzage abin da ke cikina, sannan ya ce, "Ke kam bakinki ba ya gajiya. A ina kika zauna?"

Na ce, "Can baya."

Ya ajiye sukudireba. "Malama ta yi rubutu?"

"Ta rubuta Bismillah da baƙaƙe."

"Kin gani?"

"Tar, Baba. Har ɗigo."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sai ya ce, "To gobe ki koma, kin ji. Shekara nawa ina haska wa mutane bangon nan, ban taɓa iya ce wa 'yata zo ki gani ba."